Ranar da Makama Alu Ya Miƙe da Gurun Sarki

A zamanin Sarki Ɗantala na Rano, cikin kaka, an yanke gero dawa ba ta nuna ba, aka ƙulla maganar kashe Sarki. Masana tarihi ba su san wannan sarki ba, ni ma a bakin kakata Saudat na ji shi a Durba ta ƙasar Kibiya, kuma mu jikokin ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙulla maganar ne. Ba na ɓoyewa, don ko na ɓoye abokan wasanmu za su faɗa muku.

Sunan kakan namu Makama Alu, wan mahaifiyar Sarki. A gidansa aka yaye Sarki, a wuyansa ya fara ganin kasuwa. Amma da yaron ya hau gado sai ya karɓe garin Durba daga hannun Makama ya bai wa wani bawan fada. Tsoho ya haɗiye abin a gaban jama'a, a gida kuwa ya daina cin tuwo. Da Ciroma Hussaini, ƙanen Sarki, wanda ya daɗe yana hangen gadon, ya ji labari, sai ya fara zuwa gaishe shi.

Sarki yana da guru na maganin ƙarfe, wanda aka ce muddin yana jikinsa ko aska ba ta cin gashinsa. Saboda haka ranar aski dole ya kwance shi. Al'adar gidan ita ce, ba mai riƙe gurun sai kawun Sarki, yana zaune daf da shi, don in wani abu ya taso ya jefa masa a wuya. Ciroma ya riga ya saye wanzamin fada. Aikin Makama kaɗan ne: in aski ya kai rabi, ya miƙe ya fita da gurun.

Ranar Juma'a da hantsi aka shimfiɗa buzu a zauren ciki. Sarki ya tuɓe rawani, ya kwance guru ya miƙa wa Makama, wanzami ya jiƙa kai ya fara aiki. Da aska ta gangaro wajen kunne, Makama ya dafa ƙasa ya miƙe.

Sarki bai buɗe ido ba ya ce, "Kawu, ina zuwa?"

Makama ya ce, "Zan kama ruwa, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "An ce mini ka bar cin tuwo saboda Durba. Yi fushinka, ka isa. Amma ka daure ka zauna a gama. Ni ba na iya rufe ido a gaban aska sai in kai ne a bayana."

Kakata takan tsaya a nan ta share ido, ko da yake ta ba da labarin ya fi a ƙirga. Ta ce Makama ya kai bakin ƙofa, ya waiga ya ga ƙeyar Sarki, rabi a aske rabi da kumfa, sai ya ga ba kowa ba ne illa yaron da yake dannewa a cinya ana yi masa aski yana ihu. Ya juyo da gudu irin na tsofaffi, ya faɗa kan Sarki, ya zura masa gurun a wuya. Askar da aka nufi maƙogwaro da ita ta sami Makama a dantse.

Dogarai suka danne wanzami. Sarki ya tallafi tsohon yana cewa, "Kawu, ka fanshe ni."

Makama ya ce, "Kada ka gode mini, Zaki. Da ni aka ƙulla."

Ciroma ya tsere kudu kafin azahar, ba a sake ganinsa ba. Wanzami ya gamu da hukuncin zamaninsa. Saura Makama. Galadima da sauran 'yan majalisa suka ce wanda ya ɗaga ƙafa don a kashe Sarki ba ya kwana da rai, ko da ya mayar da ƙafar. Gaskiya suka faɗa, kuma Sarki ya sani. Sai ya yanke cewa an tuɓe Alu daga sarauta, an kore shi zuwa Durba a matsayin talaka, kuma in ya sake tako ƙofar Rano a fille masa kai.

Juma'a ta zagayo, sabon wanzami ya wasa aska, fadawa suka tambayi wanda zai riƙe guru. Sarki ya ce, "Ina da wani kawun ne?" Ya sa aka ɗaura sirdi. Tun daga ranar, duk askin da ya yi a Durba ya yi shi, a ƙofar bukkar mutumin da ya kora.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Mulki ya tilasta wa Sarki ya hukunta, ya kuwa hukunta, bai taɓa janye ko kalma ɗaya ba. Amma Allah bai ba sarauta ikon canza wa mutum wanda ya goya shi ba. An ce bayan rasuwar Alu, Sarki Ɗantala bai ƙara kwance gurun ba, bai ƙara aski ba. Da sumarsa fara fat har kafaɗa aka binne shi.