Muryata a Gindin Tsamiya

Ni dai ban ce a kai ni kallon namun daji ba. Macen da ta yi ƙuruciya tana bin shanu daga Roni har bakin Nijar, wace dabba za a nuna mata? Daudu ɗana ne ya ce ya yi wa 'yarsa alkawari, zai kai ta gandun dajin nan na wajen Bauchi, kuma da kakanninta biyu za a je.

Yarinyar sunan surukata, uwar mijina, ta ci: Mu'minat. Don haka bakina bai taɓa furta shi ba. Uwata nake ce mata. A ɗakina aka yaye ta, ni na goya ta har bayana ya sage. Amma da muka tsaya Kazaure muka ɗauki Tasalla, kakarta ta wajen uwa, mai tabarau da ƙamshin turare, sai yarinya ta haye cinyarta. Ni aka tura kujerar can baya, ni da kulolin abinci.

Muka wuni muna zagaya daji. Ma'aikacin gandu yana gaba, yana nuna wa Daudu hanya.

"Hajiya, ga gwanki! Hajiya, dubi ɓauna!" in ji yarinya, tana taɓa Tasalla.

Ni na fara hango ɓaunar nan, tun tana kwance cikin gamba. Ba wanda ya tambaye ni.

"Iya, kin yi shiru," in ji Tasalla, ko waiwaye babu. "Ko tsoro ne?"

"Tsoron me? Ke ce dai ba ki san sa da saniya ba."

Ta yi dariya. Yarinyar ma ta taya ta. Wannan ce ta fi ci mini rai. Na ja mayafi na rufe fuska, ina cewa a zuci: ko sau ɗaya ta bar cinyar nan ta neme ni.

Rana ta yi ja, muna hanyar fita, sai taya ta yi faci dab da wata tsamiya. Maza suka sauka. Ma'aikacin ya ce kada wanda ya fito.

Sai na ji tsuntsaye sun ɗauke. Zabin daji da ke ta ƙara sun yi tsit. Ƙamshin sabon nono ya shigo ta taga, mai ɗumi, kamar yanzu aka tatso. Babu shanu a dajin nan.

"Mu'minat."

Daga gindin tsamiya. Muryata ce. Har da 'yar shaƙewar da nake yi in na sha ruwan sanyi.

"Mu'minat, zo ki gani."

"Lah, Iya ta sauka!" Ta zame daga cinyar Tasalla, ta buɗe ƙofa, ta ruga. Sun manta ina cikin motar.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na fara ji. Ta ji muryata, ta bar Tasalla. Numfashi ɗaya ne, sannan jikina ya ɗauki sanyi.

Na tsallake kujera, kuloli suka zube. Ciyawa ta kai mata kafaɗa. A gindin bishiyar akwai wata a tsaye, da irin mayafina, ta ba mu baya. Tsayinta ya kai reshen farko.

"Uwata!" na ƙwala.

Ta tsaya cak.

"Mu'minat," in ji waccan, a hankali, da lallashi irin wanda ni ban iya ba.

Yarinya ta dubi gaba, ta dubi baya.

"Iya ba ta kiran sunana," ta faɗa cikin raɗa.

Mayafin ya fara juyowa.

Ban jira na ga fuska ba. Na cafki hannunta. Tasalla, ba takalmi ba tabarau, ta cafki ɗayan tana a'uziyya. Muka ja. Nauyinta kamar ɗan maraƙi ya turje. Muka sake ja, muka zube jikin mota mu uku.

Daudu ya ɗago yana tambayar lafiya. Bai ji komai ba. Ma'aikacin kuwa bai tambaya ba, ɗaure taya kawai yake yi da sauri, ya ƙi duban tsamiyar.

Bayan mun dawo Roni, yarinya ta ƙi kwana ko'ina sai ɗakina. Na samu abin da nake so, har na fara taƙama.

Ran nan da almuru tana zaune kusa da ni ina tankaɗe, sai ƙamshin nono ya taso daga bayan danga.

"Uwata."

Ta gindin tsamiyar nan ta koya. Ni na koya mata, da na ƙwala shi a dajin.

Washegari na haɗa kayan yarinya da hannuna, na kai ta Kazaure. Na ce mata duk inda ta ji muryata, kada ta amsa sai ta ga fuskata. Yanzu in na je, nakan zauna kan tabarma in yi shiru, har sai Tasalla ta kira mini ita.