Ɗan Wanzami da Busasshiyar Allura

Ranar da Muzammilu ya fara ganin Hafiza, suma ya yi. Masu daɗin baki sun ce kyanta ne ya kayar da shi. Ba haka ba ne, allura ce.

Ɗan kabu-kabu ne, kullum yana jigilar buhuna daga Bagudo zuwa Tsamiya, can wajen iyakar Benin. Ramukan hanya suka ƙulle masa kafaɗa har hannun dama ya daina ɗaguwa. Mahaifinsa Ɗanmusa, wanzamin da ake ji da shi a garin, ya yi ta kafa masa ƙaho, ciwo na nan daram. Shi ne ya saci jiki ya tafi sashen gashin ƙashi na wani asibiti, inda Hafiza ke aiki.

Ta bi kafaɗar da yatsa har ta danna wani ƙulli. Ya yi ƙara.

"Nan ne, naman ya ɗaure. Allurar nan ba ruwan magani a cikinta. In na soka a ƙullin naman zai zabura, daga nan ya saki."

Ya dubi allurar, siririya kamar gashin doki. Bai farka ba sai da ya ji ana masa fifita.

"Sannu, Malam. Ɗan gidan wa ka ce?"

"Ɗanmusa wanzami," ya faɗa can ƙasa.

Ta juya baya tana ɓoye dariya. Ya ji kamar ya nutse. Ana dai cewa jinin wanzami bai tsoron ƙarfe, wanda ya fara faɗa bai tambayi 'ya'yansu ba.

Duk da haka ya yi ta komawa, ido a runtse, yana yin motsa hannun da ta koya masa, har kafaɗa ta saki. Sai da ta sallame shi ya iya neman lambarta, ya tura mata saƙo.

"Likitata, kafaɗa ta warke, ciwon ya koma ƙirji."

"Jarumina mai suma, wannan ba na allura ba ne. Ka nemi iyayena."

A gida kuwa ya riga ya yi ɓarna. Ranar da Ɗanmusa ya gan shi ya cira buhun shinkafa, gaban maƙwabta ya ce, "Kun ga aikin ƙaho!" Muzammilu ya ce, "Haka ne, Baba." Da ya kawo zancen Hafiza, tsohon ya ɗaure fuska.

"Mai soka ma maza allurar da ko magani babu? Wagga sana'a ce ko wasa? Ga Atika ɗiyar ƙanena nan."

Ran kasuwa Hafiza ta bi ta rumfar wanzamai, ta tarar Ɗanmusa na ba da labarin yadda ƙahonsa ya warkar da ɗansa, Muzammilu tsaye yana ɗaga hannu sama don jama'a su shaida. Suka haɗa ido. Hannun ya sauko a hankali.

Kafin la'asar saƙonta ya shigo: "Hannu ya ɗagu da kyau, a gaida ƙaho. Mai jin kunyar aikina wata rana zai ji kunyata. Kada ka sake zuwa zance."

Abinci ya gagare shi. Washegari ya zauna gaban mahaifinsa yana masa aski, kai a sunkuye, aska na bin ƙeya. Nan ne kawai ba sai ya kalli idonsa ba.

"Baba, ba ƙaho ya warkar da ni ba. Hafiza ce."

Askar ta tsaya.

"Na sani. Ina kafa ƙaho tun ba a haife ka ba, na san wanda ya ji sauƙi a hannuna. Na yi fatan nawa ne, ka ce haka ne, bakina ya wuce ni."

"To don mi ka ƙi ta, Baba?"

Tsohon ya daɗe yana goge aska a tafin hannu.

"Ta san abin da na sani. Da wane ido zan amsa gaisuwarta kullum safe?"

Ya maida aska ƙeyar ɗan, ya ƙarasa askin.

Kasuwa ta zagayo, wani masunci ya zo rumfa da wuya a sanƙare. Ɗanmusa ya taɓa, ya ajiye ƙahonsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wanga ba nawa ba ne. Je asibiti ka nemi Hafiza, ita ta warkar min da yaro."

Masuncin ne ya kai mata labarin, yana kwance ana soka masa. Da yamma saƙonta ya shigo wayar Muzammilu.

"Jarumi, na ji. Ka ce da Baba ina gaishe shi, kaina a ƙasa."

Bayan girbi aka ɗaura aure, 'yan kabu-kabu suka cika unguwa da ƙarar odar babura. Da aka kawo amarya ta durƙusa gaban Ɗanmusa, ita ta rufe fuska da mayafi, shi yana kallon bango.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata, shi sa albarka a hannunki," ya ce. "Shi ba ku zuri'a tagari. In an samu namiji, aski dai nawa ne."

Daga cikin mayafin ta ce, "Amin, Baba. Naka ne."