Kuɗin Cizon Katifar Mama

Sati uku ke nan Malama na girki ana dawo mata da kwanon surukarta a rufe, ko cokali ba a sa ba. Laifinta ɗaya: yayar mijinta ta buɗe littafin bayolojin da take koyarwa da shi a sakandare, ta ga hoton biri kusa da na mutum, ta kai wa Mama labari da zafinsa. Mama ba ta nemi bayani ba, ta yanke hukunci: kafin ƙarshen zango, ko aikin ko auren.

Mijin tela ne, yana son matarsa kamar ransa, amma gaban uwarsa bakinsa ɗinkewa yake. Sai ya koma yini a shago, in ya dawo ya ci abinci kai a ƙasa. Ita kuwa ta zauna a falo da takardun ɗalibai, ba mai ce mata sannu. Ranar da ta koyar da yadda teku kan raba tsuntsaye iri ɗaya, zuriya bayan zuriya, har su daina gane kukan juna su zama jinsi biyu, sai da ta juya ga allo ta share hawaye. Kaɗaici ya ishe ta.

Ran Asabar da hantsi ta tarar an fito da katifar Mama tsakar gida, tsohuwa na susa tana tsine wa mai kanti, wai jabun magani ya sayar mata. Bara feshi ɗaya ya gama da kuɗin cizo, bana gwangwani uku a banza!

Malama ta durƙusa. "Mama, maganin bai canza ba, ƙwarin ne suka canza. Bara ya kashe masu rauni, 'yan kaɗan masu jurewa suka tsira suka hayayyafa. Waɗannan jikokinsu ne."

Ko kallo ba ta samu ba. Duk da haka ta tafasa ruwa ta bi lungunan gadon da shi, ta wanke zannuwa, ta naɗe katifar a baƙar leda ta shanya a rana. Kwana uku tana maimaitawa.

Bayan sati, da kuɗin cizon suka ɓace, Mama ta kira ta, ta tambaya ko zancen jikokin nan ne take koya wa yara. Ta ce shi ne. Birin fa? Ta ce littafin bai ce biri ya haifi mutum ba, dangantaka mai nisa yake bayani, in an ba ta dama sai ta karanta.

"Za ki karanta mini. Ban ce na yarda ba fa," in ji Mama. "Tukuna miƙo mini kwanon nan, yunwa nake ji."

Tela na bakin ƙofa yana ji. Ranar bai koma shago ba, ya zauna kusa da matarsa ya ce ta yafe masa shirun da ya yi. Ta yafe, amma sai da ta yi kukanta.

Haƙurinta ya rufa wa auren asiri. Duk mai yanke hukunci kuwa, ya fara tambaya tukuna, don gida guda ya kusa rabuwa a kan hoton da ba wanda ya karanta abin da ke ƙarƙashinsa.