Ruwan Bakin Ƙofa

"Ajiye tulun nan, Desislava! Ni zan zuba."

Muryar Mama, mahaifiyata, ce ta tsayar da mu a tsakiyar falo. Yau 'yarmu Bilyana za ta fara makaranta, tana rungume da furannin da za ta kai wa malamarta. A al'adar garinmu Gabrovo uwa ce ke zuba ruwa a bakin ƙofa, yaro ya taka ya fita, don hanyarsa ta yi sauƙi.

"Mama, ai ni ce uwarta..." in ji matata a hankali.

"Uwar da ta miƙa jiki aka tsira mata allura da cikin wata bakwai? Ga sakamakon nan! Yarinya sai da ta shekara uku ta ce Baba, har yau kalma ɗaya sai ta yi ta jan ta."

Desi ta juyo, ni kawai ta kalla. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar da naƙuda ta taso mata kafin lokaci, likita ta ce akwai allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya yi ƙwari. Mama ta bugo waya tana rantsuwa kada a yarda. Desi ta tsorata. Ni, Radoslav, ni na durƙusa gaban gadonta ina kuka har ta amince. Amma da Mama ta tsare ni da ido washegari, sai na ce ina waje, ban san an yi ba.

Shekara bakwai ke nan. Duk shekara muna kai Bilyana a duba girmanta. Likita ta sha faɗa mana ba wanda zai iya rantsewa ko allurar ce ko zuwan wuri ne ya jawo jinkirin, kuma yarinyar tana ci gaba. Mu dawo gida, Mama ta dasa daga inda ta tsaya, ni kuwa in duƙufa kan farantin banitsa, gurasarmu mai cuku, kamar kurma. Ni da ake kira maigida!

Bilyana ta ja rigata. "Ba... Baba, ni ce na... na yi laifi?"

Nan ƙarfina ya ƙare.

"Mama, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na roƙe ta. Ta ƙi, na yi ta magiya. Ƙarya na yi miki don ina tsoron bakinki, na bar ta tana shan zagin da nawa ne. Kuma ko yau aka sake tambayata, zan ce a yi!"

Mama ta waiga. Ta dubi Desi, ta dubi jikarta, sannan ta saki hannun tulun, ta shiga gyara wa Bilyana kwalar da ba ta karkace ba.

"Masoyiyata, ki yafe min..." na ce wa Desi.

"Na yi zaton sai na mutu za ka faɗa, Rado."

Desi ta sunkuya ta zuba ruwan. Bilyana ta taka da farin takalminta ta fita tana dariya. Sai Desi ta juye ragowar a gabana, har ya jiƙa min safa.

"Taka, kai ma," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Ita ta daɗe da koyon magana. Kai ne ka fara yau."