Ƙullin da Ke Cikin Akwatin Umma

Tun kafin Lailatu ta ɗaga kai ta san sabon mutum ya shigo shagon mahaifiyarta da ke Tunga, don warin kafur ne ya riga shi sallama.

Dogo ne, idanunsa sun yi ja don atishawa.

"Turare mafi ƙarfi nake so," in ji shi.

"Na jiki ko na ɗaki?"

"Na komai. Ɗalibaina sun sa mini suna Malam Kafur."

Ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa. Shi ma ya taya ta.

Sunansa Anwar, malamin lissafi a wata sakandare. Shekara biyu da rasuwar mahaifiyarsa, gidanta na Sabon Gari yana kulle. Gwaggonsa ta zuba kafur ko'ina saboda kyankyasai, ga shi ya dawo gidan ya rasa inda zai sa hancinsa.

"Turare ba zai yi maka ba, haɗuwa za su yi su ƙara hawa kai," in ji Lailatu. "Ka tsince kafur ɗin duka, ka buɗe tagogi. Ka goge durowa da ruwan kal da lemon tsami, ka ajiye gawayi a kwanuka, kaya kuma su sha iska."

"Kin hana kanki ciniki ke nan."

"Na hana ka ciwon kai dai."

Bayan kwana uku saƙonsa ya shigo: "Likitar gida, falo ya warke. Mai falon ne ya kamu da wani ciwon, kuma gawayi ba ya masa magani."

Ta karanta sau biyar kafin ta rubuta: "Allah ya ba shi lafiya. Shago na buɗe har Magariba."

Haka aka fara. Wata huɗu yana zuwa zance, yana kiranta Laila, tana kiransa Malamina. Duk abin da ya faɗa sai ta kai wa Kubura, aminiyarta tun firamare, tela ce a layinsu.

Abu ɗaya ya gagara, akwatin zannuwan Ummansa. Wata Asabar Lailatu da Kubura suka je suka shanya su a inuwa, amma warin ya kama katakon. Washegari Kubura ta turo saƙo: "Na ɗinka miki ɗan ƙulli da baƙin ƙyalle, gawayi da kanumfari da ɓawon lemo a ciki. Ki tura ƙasan akwatin, kar ki gaya masa, ya buɗe kawai ya ji ƙamshi."

Lailatu ta ji daɗi, ta yi yadda aka ce.

Sati biyu bayan nan Anwar ya zo shago da rana tsaka, bai zauna ba. Ya ajiye ƙullin a kan teburi.

"Gwaggo ce ta samo wannan a akwatin Umma. Ta ce asiri ne, ta ce maganar aure ta tsaya."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Laila, na san maganar gawayin kwano. Wannan ne ban sani ba. Me ya sa kika ɓoye?"

Ba maganar Gwaggo ce ta soke ta ba, wannan tambayar ce. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Tunda har ka iya tambaya, Malam Anwar, ai ka riga ka ba kanka amsa. Sauka lafiya."

Ta rufe shago ta nufi wajen Kubura don ta yi kukanta. A bakin ƙofa ta tsaya cak. Kubura na gaban madubi tana gwada wata atamfa mai ruwan ganye da zanen ƙwarya. Lailatu ta san ta, da hannunta ta shanya ta.

"Ina kika samu zanen Ummansa?"

Kubura ta ɗaga kafaɗa. "Gwaggo ce ta ba ni. Kullum ke ce mai sa'a, Lailatu. Ni ma mutum ce."

Ashe Kubura ce ta riƙa kai wa Gwaggo gaisuwa da ɗinki kyauta, ita ta ce mata ta duba ƙasan akwati.

Kwana shida Lailatu ba ta ɗaga wayar Anwar ba. Tana auna wa mutane kanumfari hawaye na zubo mata. Shekara goma sha biyar suna cin abinci kwano ɗaya da Kubura. Ta rasa wanne ya fi ciwo, wadda ta ɗinka ƙaryar ko wanda ya tsaya yana auna ta.

Saƙonsa na ƙarshe ya ce: "Laila, ban buɗe ƙullin ba, kuma ba na bukatar buɗewa. Na yi kuskure da na tambaye ki. Ko ba za ki aure ni ba, ki bar ni in nemi gafara ido da ido."

Mahaifiyarta ce ta ce, "Aure dai nufin Allah ne, amma sunanki fa? Tashi ki je ki wanke shi."

Ta hau keke napep zuwa Sabon Gari. Gwaggo na zaune a tabarma, Anwar na gefe. Lailatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta nemi almakashi, ta farke ƙullin a kan faranti. Gawayi ya zubo, da kanumfari, da busasshen ɓawon lemo.

"Ga asirin, Gwaggo."

Sannan ta miƙa wa Anwar wayarta. "Karanta mata, da sunan wadda ta turo."

Ya karanta mata saƙon Kubura. Gwaggo ta daɗe tana juya ɓawon lemon a tafin hannunta.

"Yarinyar nan har kuka ta yi mini, wai tausayin Anwar take ji," ta ce a hankali. "Na ci haƙƙinki, 'yar nan. Tsoro ne, shi kaɗai ɗan'uwana ya bari."

A zaure Anwar ya tare ta.

"Ki yafe mini."

"Gwaggo ba ta san ni ba, Kubura kuma ta zaɓi abin da ta zaɓa. Kai fa ka san ni."

"Na sani. Shi ya sa nawa ya fi muni."

"Ba yau ba," in ji ta, ta wuce.

Wata biyu ya yi yana zuwa, ana ba shi kujera a waje, yana gaida mahaifiyarta ya tafi. Ranar da Lailatu ta sake ce masa Malamina, sai da ya juya baya ya share ido.

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah. Da safen ranar saƙon Kubura ya shigo: "Ki yafe ni don Allah." Lailatu ta rubuta: "Na yafe. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ba ta ce wa Kubura ta zo ba, ita ma ba ta zo ba, kuma a cikin ƙawayen amarya wurin da ya kamata ta tsaya ya yi ta yi wa Lailatu zafi har yamma.

Da aka kawo amarya, Gwaggo ce ta tarbe ta a bakin ƙofa. Ta kama hannunta ta ɗora a kan na Anwar.

"Ga amana nan. Duk wanda ya kawo maka maganarta, ko ni ce, ka ce ya jira ka kira ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Gwaggo," in ji Anwar.

Lailatu ta ce amin a ƙarƙashin mayafi, ta riƙe hannun nasa da kyau.