Bakwainin Gidan Jika

Ranar da Rahmatu ta kwana uku da haihuwa, ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan. Ƙulu ungozoma tana gasa wa jariri cibi, ko kai ba ta ɗaga ba. Shekararta goma tana karɓar haihuwa a unguwar nan ta bakin teku da ake kira London, ta san ƙarar mangwaro in ya faɗo, ta kuma san wannan ba shi ba ne. Na biyu ya biyo baya, sai na uku. Unguwa ta yi tsit, har kwaɗin kwata suka yi shiru.

Maigidan, Alhaji Jika, mijin Rahmatu, shi ya fara shigewa bayan ƙofa. Mutum ne da arzikin fetur ya tarar yana sayar da ashana. Ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Owendo suka yi ta kwasar kaya a shagonsa, shekara biyu ya manta da launin talauci. Ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ya gina banɗaki mai tayil, ya ja bututu har gindin mangwaron bayan gida. Ƙulu ta gaya masa ruwan wankan jego ba a sakinsa da zafinsa, sai an sirka an yi bisimilla. Ya ce zancen ƙauye ne. Ta ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Jaririn bakwaini ne, ɗan mitsitsi, kunnuwansa a naɗe, tafin ƙafarsa sumul babu zane, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Aka kwana uku ana jifa. Rahmatu ta juya wa ɗanta baya, tana magana da wata murya mai kauri. Nan Jika ya yanke hukunci: aljanu sun musanya masa ɗa, zai kai wannan bakin teku ya ajiye, masu shi su ɗauki abinsu.

Ƙulu ta dube shi daga hula har takalmi. Ba ta taɓa raina namiji kamar ranar ba.

"Alhaji, kafin ka kai shi, a kira Malam Aliou."

Malamin mutumin Garwa ne, mai ƙarancin magana. Ya iso da la'asar sakaliya, ya kunna turare, ya zauna nesa da gadon Rahmatu yana karatu a hankali. Hayaƙi ya cika ɗakin. Can ta miƙe zaune, idanunta a kafe.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai gindin mangwaro. Kun ƙona min ɗa da tafasasshen ruwa."

"Shi ya sa kika musanya nasu?"

Muryar ta yi dariya. "Ban taɓa shi ba. Amma in ubansa ya yar, ina so. Nawa yana kwance da ƙuna, ban yar da shi ba."

"Me za a yi ki fita?"

"A cire bututun. Sannan a nuna min yaron nan yana da mai shi kafin rana ta faɗi. In babu, tare za mu tafi."

Ƙulu ba ta jira izinin kowa ba. Ta kashe na'urar, ta sa jaririn a ƙirjinta har jikinsa ya yi ɗumi, sannan ta shimfiɗa shi a kan zane. Ta tafa hannu: ya zabura, ya ware hannuwa, ya tattaro su. Ta shafa kumatunsa, ya juyo da baki yana neman nono. Ta sosa tafin ƙafarsa, yatsun suka baje.

"Ɗan mutum ne, sauri kawai ya yi," in ji ta. "Sanyin ɗakin nan ke kashe masa jiki. Saura ɗaya. Kawo yatsanka, Alhaji."

Jika ya cusa hannuwa cikin babbar riga. Inuwar mangwaro ta riga ta hau taga.

"Alhaji, rana na tafiya," in ji Malam.

Da ƙyar ya miƙa ɗan yatsa, fuskarsa a kauce. Ƙulu ta ɗora shi a tafin hannun jaririn. 'Yan yatsun nan suka rufe a kansa, suka damƙe gam.

"Shi ya riƙe ka, ba kai ka riƙe shi ba," in ji muryar. "Darajarsa ka ci."

Rahmatu ta yi atishawa sau uku, ta koma ta kwanta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce a ba ta ɗanta. Kafin a idar da sallah an tumɓuke bututun.

Washegari aka yi suna. Jika ya yanka rago biyu, yana zaune a zaure yana ba baƙi labarin yadda ya tsaya gaban aljana ko gezau. Ƙulu tana jiyo shi daga ɗaki, tana ɗaure wa Rahmatu jaririn a ƙirji.

"Kada ki bari ya yi sanyi, 'yata," ta ce. "Bakwaini yana cika watanninsa a waje. Ubansa ne ban san ranar da zai cika ba."