Dabba In Ta Warke Ba A Kiranta

"Hajiya, kar ki ba ta da hannu, za ta saba da mutane..."

Auta ta ƙame da ganyen a hannunta. Ko daga barci aka tashe ta za ta gane muryar nan. Ta juyo a hankali daga jikin shingen wayar da aka killace barewar da shi.

Shi ne. Likita, mai jinyar namun dajin da ake kawowa wannan gandun dabbobi, da takalmin roba har gwiwa da bokiti a hannu. Ya ƙara duhu, 'yar furfura ta leƙo a gemunsa.

"Auta..."

"Au, ashe kana gane mutane?"

Tun tana 'yar mitsitsiya Baba yake kawo su wannan wuri. Rabinsa gona ce da ake koya wa yara tatsar madara da kwasar ƙwai, rabinsa daji ne na dabbobi. A nan Baba ya taɓa saɓa ta a wuya tana tsala ihu saboda talo-talo ya biyo ta. A nan kuma, da ta girma, ta haɗu da wannan bawan Allah yana ɗaure wa shamuwa karyayyen fiffike. Zuciyarta ba ta ko yi shawara da ita ba.

Sai ɓarin jikin Baba ya shanye. Ta ce wa Likita ya ba ta lokaci, ba za ta iya barin mahaifinta a kwance ba. Ya ce to. Daga wannan "to" ɗin ba ta sake jin ɗuriyarsa ba, har shekaru suka ja, har Baba ya rasu bara.

Yanzu Yaya ya samu aiki a nesa, zai tafi da Mama da ita. An fara ɗaure kaya. Mama ce ta kafe sai an zo an yi sallama da gandun, ga ta can zaune a benci, Yaya ya ja yaransa wajen shanu.

"Na ji rasuwar Baba," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Ka ji! Lokaci na ce ka ba ni, Likita, ban ce ka binne ni da raina ba!"

"Wallahi ban taɓa daina sonki ba."

"To me ya kama bakinka?"

Ya ajiye bokitin. "Kin san aikinmu. Dabba in ta warke, ƙofa muke buɗewa mu ja da baya. Ba a kiranta, ba a leƙenta. In ka kira, tausayinka ne zai dawo da ita. Na ji tsoron in kira ki ki rabu biyu tsakanina da Baba. Na ce ƙofata a buɗe take, in kin huta za ki zo da kanki..."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. "Ni barewa ce? Ka ga ƙaho a kaina? Ina goge wa Baba baki da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, ko za ka kira!"

"Ki yafe mini, abar ƙaunata."

"Ka makara. Tafiya za mu yi. Wa zai kula da Mama in ba ni ba?"

"Ni ce katangar yanzu?"

Duk suka juya. Ashe Mama ta dogaro sandarta har bayansu.

"Ubanki ya riƙe ki ba da son ransa ba," in ji ta. "Bakinsa ba ya fita sosai, amma ya sha ce mini mun cinye wa yarinyar nan ƙuruciyarta. Ni ba zan ƙara da tawa ba. Ina da ɗa, ina da suruka. Ke kuma ɗakin Gwaggonki yana nan. Kina zaton don in kalli agwagi na jawo gwiwoyin nan har nan?"

"Mama..."

"Yi mini shiru." Ta dubi Likita sama da ƙasa. "Kai kuma, sarkin buɗe ƙofa, sai na ara maka baki?"

Kunya ta rufe shi, amma ya ɗago.

"Auta, kar ki tafi. Don Allah ki zauna, ki aure ni."

Wannan 'yar maganar ce kawai ta yi shekaru tana jira. Ta faɗa jikin Mama tana kuka, Mama na shafa bayanta tana nata kukan, tana kiran sunan Baba ƙasa-ƙasa.

Yaya ya ƙaraso, yara na biye da shi da ƙwai a tafin hannu.

"Lafiya? Ku zo mu wuce, akwai sauran ɗaurin kaya a gida."

Auta ta goge fuska da gefen mayafinta.

"Yaya... nawa kayan, a kwance su."